Amsoshin Tambayoyinku: Zarrar da Ba Ta Kai Ƙiftawar Ido

TAMBAYA: Ni malamar kimiyya ce a wata sakandaren 'yan mata a Katsina. Muna cikin darasin sinadarai masu fitar da tururin nukiliya, sai wata ɗaliba ta kawo labarin da ta gani a wayar yayanta, wai Amurka ta kashe dala miliyan 730 ta gina wani wuri don ƙera ƙwayoyin zarra waɗanda ke rikiɗewa kafin a ƙifta ido. Ta ce, Malama, abin da ba ya daɗewa me za a yi da shi? Kuma tun da an gano wannan rikiɗa tun 1896, me ya rage ba a sani ba? Na ba ta amsar da zan iya, amma ni kaina ban gamsu ba. Don Allah ina wannan bincike ya dosa?

AMSA: Malama, Allah ya ƙara basira. Labarin da yarinyar ta gani gaskiya ne. Wurin sunansa FRIB, yana Jami'ar Jihar Mishigan, an buɗe shi a watan Mayun 2022, kuɗin ma haka yake kamar yadda ta faɗa. Kuma ba Amurka kaɗai ba ce a wannan fage. Japan tana da irinsa a cibiyar RIKEN kusa da Tokiyo tun 2007, Jamus tana gina nata mai suna FAIR a Darmstadt, Koriya ta Kudu da Sin kowacce ta shiga sahu. Abin da ake saya da duk wannan kuɗi lambobi ne: tsawon kwanan kowace zarra, abin da take fitarwa sa'ad da take rikiɗa, da yawan ƙarfin da ke fita tare da shi. Masu nazarin taurari suna jiran waɗannan lambobi, masu kula da tukwanen nukiliya ma suna jira, kuma har yau lissafi shi kaɗai bai iya ba su ba. Dole sai an ƙera zarrar an tsaya a kanta an gani.

Bari mu fara daga inda littafin ajinki ya tsaya. A tsakiyar kowace ƙwayar zarra akwai ƙwallo, a cikinsa furoton da niyutiron suke cunkushe. Yawan furoton shi ke raɗa wa sinadari suna: shida kabon, takwas oksijin, 26 ƙarfe, 79 zinariya. Yawan niyutiron kuwa yana iya bambanta ba tare da sunan ya canza ba. Kabon mai niyutiron shida, wato kabon-12, yana nan daram. Mai takwas, kabon-14, rabinsa yakan rikiɗa zuwa naitirojin cikin shekara 5,730. Wannan lokaci shi ne rabin wa'adinsa. A ƙara masa niyutiron ɗaya, kabon-15 ke nan, rabin wa'adinsa bai kai sakan uku ba. A ci gaba da ɗura masa har kabon-22, sai a tarar da milisakan shida, milisakan kuwa shi ne kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Daga nan ƙwallon ba ya karɓar ƙari, duk niyutiron da aka tura masa zubewa yake yi nan take. An iso bakin iyaka. Ƙwallayen da ke zaune kusa da wannan iyaka, masu yawan niyutiron fiye da kima ko masu ƙarancinsa ƙwarai, su ne waɗanda ake gina manyan injunan nan dominsu.

Ƙwallaye masu zaman lafiya, waɗanda ba a taɓa ganin sun rikiɗa ba, wajen 250 ne. Waɗanda ɗan Adam ya taɓa gani ko ya ƙera sun haura 3,300. Lissafin masana kuwa ya nuna adadin duka zai kai wajen 7,000. To kin ga amsar rabin tambayar ɗalibarki: fiye da rabi ba a taɓa sa su a ido ba, kuma mafi yawansu suna ɓangaren masu yawan niyutiron. Ita kanta iyakar ta wannan ɓangare, an tabbatar da inda take ne a kan sinadarai goma na farko kawai cikin 118, kuma na tara da na goma sai a 2019 RIKEN ta tabbatar da su. A nan aka ga abin mamaki. Oksijin, mai furoton takwas, yana ƙoshi a niyutiron 16. Fulorin, wanda furoton ɗaya tak ya ɗara shi, yana ɗaukar 22. Yaya ƙarin furoton ɗaya zai riƙe ƙarin niyutiron shida? Masu lissafi sun sha gumi a kan wannan, kuma ya tilasta musu yarda cewa jan da ke tsakanin furoton da niyutiron ba na bibbiyu ba ne kawai, akwai wanda sai uku sun haɗu yake bayyana. Idan a sinadari na tara aka ci karo da irin wannan, ba wanda zai rantse a kan abin da ke jira a na saba'in.

Ga yadda ake aikin, don ki iya zana shi a allo. Ana ɗaukar wani sinadari, kamar yuraniyam-238 ko kalsiyam-48, a tuɓe masa ilaktiron, a tura shi cikin dogon bututu da ƙarfin lantarki har gudunsa ya kai rabin gudun haske ko ya fi. Sai a maka shi da wani faifai na beriliyam ko na girafait, irin baƙin da ke cikin fensir. A FRIB faifan juyawa yake yi da sauri, don kada zafi ya huda shi a wuri ɗaya. Ƙwallaye su tarwatse, tarkace iri ɗaruruwa su fito, wanda ake nema wataƙila ɗaya ne cikin biliyoyin biliyoyi. Manya-manyan maganaɗisu su tankaɗe su bisa nauyi da caji. Kafin kashi ɗaya cikin miliyan na sakan ya cika, wanda ya tsira ya isa ƙarshen layi, ya nutse cikin wani siririn faranti na silikon da bai fi tafin hannu ba, wanda aka tsaga gida-gida a tsaye da a kwance. Kwamfuta ta rubuta cewa ƙwallo kaza ya sauka a gida kaza, a lokaci kaza. Sai jira. Bayan 'yan milisakan, a wannan gidan dai, ɗan tartsatsi ya bayyana: ilaktiron ya fita, ƙwallon ya zama wani abu daban. Tazarar da ke tsakanin saukarsa da tartsatsin ita ce kwanansa a duniya. A tara irin wannan da dama, a fitar da rabin wa'adi. Kewaye da farantin kuma an jera duwatsun jamaniyam da aka sanyaya da ruwan naitirojin, mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, suna kama hasken gamma da ke biyo bayan rikiɗar.

Sau da yawa abin da ake samu bai taka kara ya karya ba. A 2005, a tsohon ɗakin gwajin da ke Mishigan ɗin nan, an auna wa'adin nikel-78 karo na farko da ƙwallaye 11 kacal. Aka ce milisakan 110, amma da shakku mai faɗi, don lambar tana iya sauka da rabi ko ta kusa ninkawa. Sai da RIKEN ta tara dubbai, a 2014, awon ya tsaya a kan 122. Alkibla ta farko ke nan, kuma ita ce mai cin kuɗi: ƙarin ƙarfin inji. FRIB ta fara da kilowat ɗaya, ana ɗagawa sannu a hankali, inda aka nufa shi ne 400. Ƙwallon da a da sai a shafe mako ana jiran guda, sai ya zama ana samun gommai a yini. Lokacin injin ma ba a banza ake samunsa ba. Tawaga ta rubuta takardar nema, kwamiti ya zauna ya tace, wadda ta yi sa'a a ba ta 'yan kwanaki, a yi ta karɓa-karɓa dare da rana. Idan wata waya ta tsinke a daren farko, shekara ta tafi.

Me ya sa aka damu da nikel-78? Nan ne zancen ya haɗu da taurari. Kusan rabin sinadaran da suka fi ƙarfe nauyi, ciki har da mafi yawan zinariya da filatinam, da dukan yuraniyam ɗin da ake haƙa a Arlit, an ƙera su ne ta wata hanya da masana suka zayyana tun 1957. Wuri ne zai cika maƙil da niyutiron, ƙwallaye su riƙa haɗiyarsu ɗaya bayan ɗaya cikin saurin da ba ya barin su rikiɗa, har su ƙoshi. Sai su dakata, niyutiron ɗaya ya juye ya zama furoton, su hau mataki na gaba, su ci gaba da haɗiya. Duka hidimar sakan ɗaya ce ko biyu. Bayan ƙura ta lafa, ƙwallayen nan masu gajeren kwana su yi ta rikiɗa har su zama sinadaran da muka sani. Zinariyar ɗan kunnenki, Malama, jikanyar wani ƙwallo ce da bai cika sakan guda a duniya ba. Shekara sittin ana gardama a kan inda wannan ke faruwa. Ranar 17 ga Agustan 2017 na'urorin LIGO da Virgo suka ji girgizar karon wasu matattun taurari biyu, dunƙulallun niyutiron zalla, a nisan da haske ke yi wa tafiyar shekara miliyan 130. Madubin hangen nesa na duniya suka juya can, suka ga wani haske da ya fara da shuɗi, ya koma ja, ya dushe cikin kwanaki. Zafin rikiɗar sababbin ƙwallaye ne ke hura wannan haske. Amma kafin a ce ga yawan zinariyar da aka ƙera a wurin, sai an san wa'adin ƙwallaye dubbai da ba a taɓa aunawa ba. Masu nazarin sama suna da hoton a hannu, mabuɗin karanta shi yana ɗakin gwaji a ƙasa.

Ba duka dubban nan ne nauyinsu ɗaya ba. Akwai wasu lambobi, 2, 8, 20, 28, 50, 82 da 126, waɗanda idan furoton ko niyutiron suka cika su, ƙwallon yakan fi maƙwabtansa ƙarko. Maria Goeppert Mayer da Hans Jensen ne suka bayyana dalilin a 1949, aka ba su kyautar Nobel a 1963. A kan waɗannan lambobi ne haɗiyar niyutiron ke cijewa, ƙwallaye su taru suna jiran rikiɗa, kuma tsawon jiran shi ke yanke yawan abin da zai fito a ƙarshe. Nikel-78 furoton 28 gare shi da niyutiron 50, wato ya cika lamba ta kowane ɓangare. Zangon 82 an yi masa aiki sosai: a 2015 RIKEN ta fitar da wa'adin ƙwallaye 110 na wannan yanki, 40 daga ciki karo na farko. Zangon 126, wanda shi ne mahaifar filatinam da zinariya, shi ne har yanzu kusan fili fetal. Ta hanya biyu ake kutsawa. Ɗaya ita ce a fasa manyan ƙwallaye da ƙarfin tsiya. Ta haka ne FRIB ta harba filatinam-198 ta samo sababbi biyar da aka sanar a 2024, tuliyam-182 da 183, itabiyam-186 da 187, da lutishiyam-190, kuma babban matankaɗin da ake ginawa a FAIR wannan yanki ya nufa. Ɗayar kuwa ta lallami ce: a sa manyan ƙwallaye biyu su gogi juna a hankali, su yi musayar furoton da niyutiron, su rabu. Da wannan dabara wata na'ura mai suna KISS a Japan ta gano yuraniyam-241 a 2023. Idan kika ji labari daga zangon 126 a shekarun nan, ki saurara da kyau.

Duk da haka, da za a tambaye ni inda aikin ya fi nauyi nan gaba, zan nuna wanda ba ya shiga kanun labarai: komawa kan ƙwallayen da aka riga aka sani, a auna su a cike. Ɗauki tukunyar nukiliya. Muna da ɗaya a Zariya, a cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, 'yar ƙarama mai kilowat wajen 30, tana aiki tun 2004, kuma a 2018 aka sauya mata makamashi zuwa yuraniyam mai ƙarancin tacewa. Idan yuraniyam-235 ya tsage, niyutiron biyu ko uku suna fita nan take su je su tsaga wasu. Da a ce su kaɗai ne, da babu hannun da zai iya riƙe linzamin tukunya, don wutar za ta ninka kafin mutum ya motsa yatsa. Abin da ya sa ake iya sarrafa ta shi ne wani ɗan kaso da ke makara, wajen 0.65 cikin ɗari. Ɓaraguzan tsagewar, irin su buromin-87 da aidin-137, ƙwallaye ne masu yawan niyutiron. Sai sun rikiɗa tukuna, na farko da rabin wa'adin sakan 55, na biyu 24, sannan wasunsu su saki niyutiron. An gano haka tun 1939. Wannan jinkirin ne ke ba sandar sarrafawa lokacin shiga da fita, a Zariya da ko'ina. Can kusa da bakin iyaka kuwa, sakin niyutiron bayan rikiɗa shi ne ruwan dare, wasu biyu suke saki, wasu uku. A RIKEN an kewaye farantin silikon da bututu fiye da ɗari cike da iskar hiliyam-3 don a ƙirga su. Wahalar ita ce niyutiron ba shi da caji, ba ya barin sawu. Ƙirga shi aiki ne, auna ƙarfinsa kuma wani aiki ne daban, kuma na'urorin da ake haɗawa yanzu so suke su yi duka biyun a zama ɗaya.

Sai zancen zafi. Idan aka kashe tukunya, tsagewa ta tsaya, amma ɓaraguzai ba su san an kashe ba, rikiɗarsu suke ci gaba da yi. A sakan na farko zafin da suke fitarwa ya kai kashi shida zuwa bakwai cikin ɗari na ƙarfin tukunyar, bayan 'yan awoyi ya sauko wajen kashi ɗaya. A babbar tasha wannan ɗaya ɗin ma ya isa ya narka ƙarfe. Shi ne ya narka tukwane uku a Fukushima a Maris 2011, bayan sun riga sun kashe kansu, sa'ad da igiyar ruwa ta lalata injunan sanyaya su. Ana lissafa wannan zafi ne ta hanyar tara gudummawar ɗaruruwan ƙwallaye, kuma shekara da shekaru lissafin yana saɓa wa abin da ake aunawa kai tsaye. Tun 1977 John Hardy da abokan aikinsa suka nuna inda gizo ke saƙar. Jamaniyam yana da kaifin gani, yana bambance hasken gamma ɗaya daga wani tsaf, amma da yawa suna wuce shi bai kama ba. Ƙwallon bakin iyaka kuwa ta ɗaruruwan hanyoyi yake sauke ƙarfinsa, kowace hanya da ɗan rabonta. Kamar mai shago ne da ke rubuta manyan ciniki a littafi, ya bar na naira hamsin-hamsin don ya raina su. Ƙarshen wata littafi ya faɗi abu ɗaya, aljihun tebur ya faɗi wani. Magani shi ne a daina bin ciniki ɗaya-ɗaya, a juye aljihun a ƙirga. Haka aka yi: aka ƙera wani ƙaton dutse mai ƙyalli da rami a tsakiya, a sa ƙwallon a ciki, dutsen ya haɗiye duk hasken da ya fita ya ba da jimla. Na Oak Ridge a Amurka nauyinsa ya kai tan guda. A 2010 wata tawaga daga Valencia ta Sifen ta fitar da sakamakon irin wannan awo da ta yi a Finlan a kan 'yan ƙwallaye, galibi na tekinishiyam, sai babban ɓangare na giɓin da ke lissafin zafin fulotoniyam-239 ya toshe. Ƙwallaye da yawa suna layi suna jiran a sake musu irin wannan awo. Ba aikin da ake samun Nobel da shi ba ne, amma duk ƙasar da ke tunanin gina tashar nukiliya, har da tamu, da waɗannan lambobi za a zana mata injin sanyaya.

Akwai kuma neman sababbin hanyoyin rikiɗa. Littafi ya ba mu uku, alfa da beta da gamma. A bakin iyaka sun fi haka. A 1960 wani masani ɗan Tarayyar Sobiyet, Vitaly Goldansky, ya ce za a sami ƙwallon da ba zai iya sakin furoton ɗaya ba, amma zai iya sakin biyu a tare. Shekara 42 aka yi kafin a gan shi, a 2002, a cibiyar GANIL ta Faransa da GSI ta Jamus, a jikin ƙarfe-45, mai furoton 26 da niyutiron 19 kacal, alhali ƙarfen da maƙeri ke duka 30 gare shi. Rabin wa'adinsa wajen milisakan biyu da rabi ne. A 2007 wata tawaga daga Warsaw ta yi abin da ya fi burge ni a duk wannan fage. Suka tsayar da ƙwallon a cikin akwati mai cike da iska, suka ɗora kyamara. A hoton ana ganin dogon layin shigowarsa, sannan daga inda ya tsaya gajerun layuka biyu sun rabu, kowanne sawun furoton ɗaya. Daga faɗin kusurwar da ke tsakaninsu ake karanta yadda suke zaune a cikin ƙwallon kafin su fita. Irin waɗannan akwatuna masu ɗaukar sawu su ne ake ta ingantawa yanzu. A ɗaya ɓangaren kuma ana farautar takwaransa, ƙwallon da zai ɗan jima a raye sannan ya saki niyutiron biyu ko huɗu a tare. A 2023 aka sanar cewa RIKEN ta ƙera oksijin-28, mai furoton takwas da niyutiron 20. A takarda ya cika lamba ta kowane ɓangare, ya kamata ya yi ƙarko. Ina! Nan take ya watsar da niyutiron huɗu ya koma oksijin-24. Ashe lambobin nan bakwai da ake haddacewa ba ko'ina suke da iko ba. A bakin iyaka wasu kan faɗi, wasu sababbi su taso, kuma gano inda hakan ke faruwa babban ɓangare ne na aikin da ke gaba.

Na ƙarshen jadawalin sinadarai su ne 'yan jarida suka fi so, ni kuwa zan wuce su da sauri. Ta jerin rikiɗarsu ake shaida su, alfa bayan alfa har a iso ƙwallon da aka sani. Sinadari na 113, nihoniyam, zarra uku Japan ta samu, a 2004 da 2005 da 2012. Yanzu RIKEN tana neman na 119, cibiyar Berkeley ta Amurka kuma ta nufi na 120, bayan ta gwada harba taitaniyam-50 a 2024 ta sami zarra biyu na sinadari na 116 cikin kwana 22. Game da amfani a asibiti, wanda ake yawan ambata idan ana neman kuɗi, a yi hattara da zuzutawa. Gaskiya ne tekinishiyam-99m, mai rabin wa'adin awa shida, wanda aka fi amfani da shi wajen ɗaukar hoton cikin jiki a duniya, an gano shi a 1938 ba tare da kowa yana tunanin majinyaci ba. Gaskiya ne kuma ana gwada aktiniyam-225, mai kwana goma, a kan wasu nau'o'in ciwon daji. Amma ƙwallon milisakan ba zai taɓa isa gadon asibiti ba. Abin da likita ke samu daga waɗannan wurare shi ne na'urorin awo, da ƙwararrun da aka horar, da rarar sinadarai masu ɗan tsawon kwana da ake tsamowa daga ruwan da ke tare ragowar harbin.

Saura abu ɗaya da ya shafi darasinki kai tsaye. Littafi yana cewa zafi ko matsi ko haɗa sinadarai ba sa canza rabin wa'adi. Don jarrabawa ɗalibai su rubuta haka, zarra mai cikakken ilaktiron ake nufi, kuma a kanta maganar kusan daidai take ɗari bisa ɗari. Amma a cikin tauraro zafi yakan tuɓe wa zarra ilaktiron ɗinta, a bar ƙwallo tsirara, kuma a nan labari ya sha bamban. A GSI akwai wani zobe na maganaɗisu mai kewayen mita 108, an zuƙe iskar cikinsa, ana sa tsiraran ƙwallaye su yi ta zagaye. A 1996 aka sa reniyam-187 a ciki. Da ilaktiron ɗinsa, rabin wa'adinsa ya haura shekara biliyan 41, kusan ninki uku na shekarun sararin samaniya. Tsirara, shekara 33. Dalili shi ne ilaktiron ɗin da zai fita daga ƙwallon ba shi da ƙarfin da zai yi nisa, kuma gurabun kusa duk a cike suke. Da aka kwashe masu gurbi, sai ya sami wurin sauka. A 2024 aka fitar da sakamakon taliyam-205, wanda a ƙasa ba ya rikiɗa ko kaɗan, amma tsirara rabin wa'adinsa kwana 291 ne. An tsara sababbin zobba a FAIR da kuma Huizhou ta ƙasar Sin don a kai irin wannan awo kan masu gajeren kwana. A cikin zobe ƙwallo ɗaya tak ya wadatar, domin yana wucewa ta gaban na'urar sauraro wajen sau miliyan biyu a sakan, kuma da zarar ya rikiɗa, nauyinsa ko cajinsa ya canza, saurin zagayensa ya goce, a ga layinsa a allon kwamfuta ya yi tsalle zuwa wani wuri.